Wa zai gaji Moustapha Alassane?



A shekarar 2024 an sauya wa wurare da dama suna a birnin Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Cibiyar al'adun nan ta haɗin gwiwar Nijar da Faransa, wadda muka tashi muna kira CCFN Jean Rouch, ta koma Cibiyar Al'adu ta Moustapha Alassane. Da yawanku kun yi murna, kun yi ta watsa hotuna, ni ma na ji daɗin ganin sunan ɗan ƙasa a goshin gidan. To amma raɗin suna aikin safiya ɗaya ne, rainon jaririn shi ne aiki. Ga tambayar da nake so mu ɗan zauna a kanta yau: yaron da ke ajin ƙarshe na lise yanzu haka, a Talladje ko Boukoki ko Harobanda, wanda Allah ya ba hannu irin na Moustapha Alassane, in ya samu bak ɗinsa ina za shi? Wace ƙofa zai ƙwanƙwasa ya ce ya zo koyon zane ko sassaƙa har matakin jami'a? In ya gama kuma, wa ya san yadda za a baje aikinsa, a sayar da shi da daraja, a adana shi?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, lokaci ya yi da Nijar za ta ɗauki karatun zane da sassaƙa da tafiyar da harkokin fasaha a matsayin karatun jami'a na sosai, mai ɗakunan aiki da kayan aiki da kuɗi daga baitulmalin ƙasa. Muna ta maganar diyauci dare da rana. Ƙasar da ba ta horar da masu zana kamanninta da masu tsare kayan tarihinta, wani ne zai ci gaba da zana ta yadda ya ga dama, ko da ta canza sunan kowane lungu.

Bari mu fara da shi mai sunan. An haifi Moustapha Alassane a 1942, ya rasu a 2015. Kanikanci ya fara koya, amma zane ne a jininsa. Hannunsa ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a nan Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch, daga nan ya samu hanyar zuwa Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke sa zane ya yi motsi a majigi. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, a 1966 kuma Bon Voyage Sim, inda ya zana shugaban wata jamhuriyar kwaɗi yana ziyarar aiki a maƙwabciyar ƙasa, da fareti da duk wani tsarabe-tsarabe na mulki. Shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai, ɗan Nijar ya yi wa masu mulkin Afirka shaguɓe da fensir. Duk mai rubuta tarihin fim ɗin zane a nahiyar nan sai ya ambace shi a sahun farko.

Ku dubi hanyar da ya bi: ya haɗu da wane, wane ya haɗa shi da wane, aka samu gurbin tafiya. An ce sana'a sa'a, kuma gaskiya ne ga mutum ɗaya. Ƙasa kuwa ba ta gina makomar ƴaƴanta a kan sa'a. Su nawa ne masu irin hannunsa da ba su haɗu da kowa ba, suka yi ta zane a bayan kaye har mushe ya zane su, suka bari?

Ga misali na kusa. Mariam Issoufou, mai tsara gine-ginen da duniya ke yabo yau, a Nijar ta tashi, amma kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aiki a wannan fanni kafin ta koma aji ta karanci tsarin gini. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai. A Dandaji, cikin jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, tare da maginan yankin. Daga baya aka naɗa ta farfesa a babbar jami'ar fasaha ta Zurich, a Siwizalan. Ita ma sai da ta yi dogon zagaye, ta tsallaka teku, kafin ta iso inda zuciyarta take. Ɗiyar talaka a Koira Tegui ba ta da kuɗin wannan zagaye.

Na san wani zai ce, yo zane da sassaƙa ai al'adar Nasara ce, mu ina ruwanmu? Wannan magana rashin sanin gida ce. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, masana sun ƙiyasta shekarunsu sun kai 6,000 ko fiye. Wanda ya yi su ya san jikin dabbar gaɓa-gaɓa, har da rodi-rodin fatarta. A Bura, wajen Tera, an tono mutum-mutumi da tukwanen yumɓu da aka fara yi tun wajen ƙarni na 3, cikinsu har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka gina ta, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2013. Ku shiga unguwar Birni a Damagaram ku ga adon da magina suka yi wa fuskokin gidaje. A Yama, jihar Tawa, magini Falké Barmou ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, ginin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, lambar da manyan masu digiri na duniya ke nema ido rufe. Ba sai mun je nesa ba ma. Ga matan Bubon da tukwanensu, ga maƙeran azurfa da ke siffanta abu da kakin zuma kafin su yi zubi, ga dukawa, ga masu narka gwangwani a kasuwar Katako su fitar da tukunya. Duk wannan sanin siffa ne da launi da ma'auni, abin da ake koyarwa a manyan makarantun zane ke nan.

Labarin Bura kaɗai ya isa ya hana mu barci. A 1975 aka gano wurin. A 1983 masanin tarihi Boubé Gado, na cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai, ya jagoranci tono shi bisa ƙa'ida. A 1993 aka nuna wasu daga cikin kayan a wani babban baje koli a Paris mai suna Vallées du Niger. Da dillalan kayan tarihi suka ƙyalla ido suka gani, sai wawaso ya tashi. Aka riƙa ba mutanen karkara ƴan kuɗi suna haƙe tsofaffin makabartun, ana fitar da kayan ta ɓarauniyar hanya. A shekarar 2000 sai da majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Ba na ganin laifin manomin da yunwa ta sa ya sayar da tukunyar kakanninsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce ƙarancin mutanen da aka horar su ƙidaya kayan, su yi musu rajista, su zana su, su wayar da kan jama'ar wurin, su bi sawun abin da aka sace.

Yanzu ana ta kiran a dawo wa Afirka da kayanta. A Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 na fadar Abomey, aka baje su a Kwatano a 2022 tare da ayyukan masu zanen ƙasar na yau, jama'a suka yi ta tururuwa. Ku tuna kuma akwai makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Porto-Novo tun 1998. Mu fa, in gobe aka ce ga namu an dawo da su, wa zai karɓa? Wa ya san irin zafi da danshin da yumɓu mai shekara dubu ke iya jurewa? Wa zai rubuta bayanin da ɗan firamare zai karanta ya gane?

Kada a ce na ce babu komai a ƙasa. Akwai. A Jami'ar Abdou Moumouni, cikin tsangayar adabi da nazarin zamantakewa, an buɗe sashen koyar da fasaha da al'adu, wanda Farfesa Antoinette Tidjani Alou ta jagoranta, kuma wannan mataki ne da ya cancanci yabo. Gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da masu sana'ar hannu da ke aiki a harabarsa, kowa na ganinsu. Makaɗa na da cibiyar CFPM Taya, masu son aikin jarida da fim na da IFTIC, ga ƙauyen masu sana'a na Wadata. Duwatsun murhun na nan a warwatse. Abin da ya rage a haɗa su, a hura wuta, a ɗora tukunya.

Na ce a hura wuta, domin karatun zane da sassaƙa ba ya yiwuwa da alli da allo kaɗai. Malami ɗaya zai iya karanta wa ɗalibai 300 darasin tarihi a anfi, amma ba zai iya duba hannun mutum 300 ba. A makarantar zane ta ƙwarai, ɗalibi kan shafe awoyi kowace rana yana kallon abu ɗaya, buta ce ko kujera ko tafin hannunsa, yana zanawa da gawayi, yana gogewa, yana sakewa, har idonsa ya iya auna tsawo da faɗi, ya rarrabe haske da inuwa, ya san yadda ake sa abu ya yi nisa a kan takarda. Daga nan ya shiga launi: me ke fitowa in an haɗa wannan da wancan, wane ne ke koɗewa a ranar Yamai, wane ne ke jure ƙurar hunturu. Mai koyon sassaƙa kuma sai ya taɓa yumɓu da icce da dutse da ƙarfe da hannunsa, ya koyi walda, ya koyi zubi, ya ga yadda aikin wata guda ke fashewa a wuta don bai bar shi ya bushe ba. A ƙarshen mako a jera aikin kowa, malamai da ɗalibai su yi masa tankaɗe da rairaya a gaban mai shi. A ƙarshen shekara a buɗe ƙofa jama'ar gari su shigo su gani. Tare da wannan duka ana karanta tarihin fasaha, namu da na duniya, don kada yaro ya ɗauka daga kansa aka fara.

Wannan na bukatar ɗaki mai faɗi da haske, da ruwa, da murhun gasa yumɓu, da injin walda, da takarda da fenti da ba sa yankewa. Akwai tsada, ban musa ba. Amma da yawa cikin kayan a ƙofar gidanmu suke. Yumɓu na nan a bakin kogin Isa. Irin ƙaron da ake ɗiba a dazukanmu, da shi ake haɗa fentin ruwan da ake sayar mana a ɗan ƙaramin kwali da tsada, alhali almajirai sun daɗe suna sa shi a tawada. Ga baba, ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga ƙarafan Katako. A makarantar da ta san abin da take yi, binciken waɗannan kaya ma darasi ne mai zaman kansa, kuma daga nan ake samun zanen da in an gan shi a ko'ina za a ce wannan daga Nijar ya fito.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane wannan. A Zariya, tun 1955 ake koyar da zane da sassaƙa a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗaliban wurin, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon abin da malamansu Turawa suka zo da shi ba, za su haɗa dabarun da suka koya da zanen gargajiyar garuruwansu. Waɗannan samari su ne suka zama iyayen zanen zamani a Najeriya. Ku lura, a cikin makaranta aka yi tawayen nan. Sai da aka tara su wuri ɗaya, aka ba su kayan aiki, suka yi ta gardama da juna, sannan suka gano hanyarsu. A Bamako, gidan masu sana'a da aka kafa a 1933 shi ne ya zama makarantar fasaha ta ƙasa a 1963. Daga nan Abdoulaye Konaté ya fito, ya ƙaro karatu a Kyuba, ya dawo yana yin manyan ayyuka da ƙyallayen shadda da ake nunawa a manyan biranen duniya, sannan ya shugabanci babbar makarantar fasaha ta Balla Fasséké Kouyaté da aka buɗe a 2004. A Burkina Faso, masassaƙi Siriki Ky ya fara tara ƴan uwansa masassaƙa a kan duwatsun Laongo a 1989, yau wurin ya zama abin zuwa kallo. Mali da Burkina ba su fi mu arziki da wani abin kirki ba, matsalolinmu ma kusan iri ɗaya ne. Niyya aka yi, aka kuma ɗore a kanta.

To bari mu zo ga maganar da ake jefa mini a fada in an kai shayi na biyu: "Ƙasa na fama da matsalar tsaro, yara na karatu a rumfar kara, kai kana mana maganar fenti?" Ban raina wannan magana ba, ƙanwar tambayar iyayenmu ce, wato in ka karanci zane me za ka ci. Ba wanda ya ce a rufe asibiti a buɗe ɗakin zane. Amma mu yi lissafi tsakani da Allah. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaran nan na bukatar littattafai, littafin ƙaramin yaro kuwa hoto ne ke riƙe da shi. A Maris 2025 kundin tsarin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ga Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunanmu da su ma ke bukatar littattafai. Wa zai zana su? In ba mu horar da namu ba, haka za a ci gaba da miƙa wa ɗan Filinge littafin da babu rumbu ko rijiya ko raƙumi a cikinsa. A ƙasar da manya da yawa ba sa karanta boko, saƙon rigakafi ko na tsabtar ruwa da hoto yake isa. Kilishinmu da albasar Galmi da cukun makiyaya ba a gaya musu daɗi, amma a kanti kwali ke fara magana kafin harshe. Masu fim, masu buga littafi, kamfanonin gini, masu ƙera manhajojin waya, da masu ɗinkin da suka yawaita tun da Alphadi ya fara bikin FIMA a Tiguidit a 1998, duk suna neman mai ido da hannu. Aikin na nan. Sau da yawa waje ake kai shi, ko a kwaso hoto a intanet a manna.

Magana ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta addini. Iyaye da yawa suna jin an ce sassaƙa sai gunki ya faɗo musu a rai, kuma damuwarsu ba ta wasa ba ce. Hukuncin surar abu mai rai fage ne na malamai, sun yi bayani a kai, ni ba zan yi fatawa a Facebook ba. Abin da zan ce shi ne, fagen fasaha ya fi wannan kusurwa faɗi nesa ba kusa ba. Allon zayyanar da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani, wa ya ƙawata shi in ba mai zane ba? Aska takwas a gaban babbar riga, dagi a goshin soro, aikin hula, adon sirdi, rubutun Tifinag da Hawad ɗan Ayar ya mayar abin kallo, duk fasaha ce. A Alƙahira, garin Azhar, tun 1908 aka buɗe makarantar zane, tana nan har gobe. Makarantar da muke nema dole ta san mutanen da take zaune a cikinsu. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta kwanta da siffanta mai rai ba, a buɗe masa hanyar rubutun ado da saƙa da tukwane da ƙira da adon gini har ya kai digirinsa ba tare da an tilasta shi ba. Wanda ya zaɓi ɗaya hanyar kuma kada a jefe shi. A gayyaci gwanayen zayyana su koyar, a zauna da malaman addini tun wurin tsara karatun. Abin da aka gina a fili tare da jama'a ya fi wanda aka ɓoye bayan katanga tsawon rai.

Sai ɓangaren da aka fi mantawa, wato tafiyar da harkar. Kowa a cikinmu ya san mai zanen da ya kwana bakwai kan aiki, wani ya zo ya taya jika goma, ya karɓa don kuɗin haya sun matso, bayan wata biyu ya ga aikin nasa a jikin riguna ko a allon talla, ba sunansa, ba a kuma ƙara masa ko dala ba. Muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, amma su nawa cikin matasan masu zane suka san yadda ake rajistar aiki, ko yadda ake rubuta yarjejeniyar da ta bambanta sayar da zane da sayar da izinin buga shi? Wannan ilimi ne da ake zama a koya: lissafin kasafi, doka, neman masu ɗaukar nauyi, shirya baje koli, jigilar kaya ba tare da sun lalace ba, adana takardu, jawo jama'a su cika wuri. Gidan al'adun da ba shi da irin waɗannan mutane, sannu a hankali wurin hayar biki yake komawa.

Abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 ya nuna mana haka ƙarara. Shekaru da dama, mai zanen Yamai in yana neman bangon da zai rataye aikinsa, cibiyoyin ƙasashen waje da ƙungiyoyin agaji ya fi dubawa, masu sayen ma galibi baƙi ne. Da dangantaka ta yi tsami, wasu tallafin suka tsaya, baƙi da yawa suka tattara suka tafi, sai kasuwar ta yi sanyi. Ko mene ne ra'ayinka kan siyasar, darasin ɗaya ne: zanen aro ba ya rufe katara. Yanzu gidan ya dawo hannunmu. Kuɗin wutarsa, albashin ma'aikatansa, tsarin abin da za a nuna daga Janairu zuwa Disamba, duk a wuyanmu suke. Cibiyar Oumarou Ganda haka, gidan tarihi haka, gidajen al'adu na jihohi haka.

To me muke nema daga magabata, a fili?

Na farko, a ƙarfafa abin da ke akwai a Jami'ar Abdou Moumouni da ɗakunan aiki na zane da sassaƙa da yumɓu da ƙarfe, a ware musu kuɗin kayan aiki duk shekara a cikin kasafin ƙasa. Kada a bar irin wannan karatu ya rataya ga tallafin da in wa'adinsa ya ƙare komai ke tsayawa.

Na biyu, a shigo da gwanayen gargajiya a matsayin malamai masu albashi da daraja. Magini irin Falké Barmou, in takarda kaɗai za a duba, ba zai wuce bakin ƙofar jami'a ba, alhali aikinsa ake nazari a ƙasashen duniya. Ɗalibi ya yi sitaj a Bubon, a Katako, a Wadata, a harabar gidan tarihi, a kuma ba shi maki a kai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, shiga ta zama da gwajin hannu, a duba abin da ka zana, a bar ƙofa ga wanda ba shi da bak amma ya ƙware. Bursin ɗalibin zane ya zo daidai da na ɗalibin shari'a. A kuma tabbata ƴan mata da ƴan jihohi, daga Difa har Tillaberi, sun samu gurbi.

Na huɗu, a horar da masu tafiyar da harkokin fasaha, a kuma ɗauke su aiki a inda aka horar da su dominsa. Shugabancin gidan tarihi ko cibiyar al'adu sana'a ce, a ba wanda ya koye ta.

Na biyar, a samar wa masu hannu kasuwa a gida. Faransar da muke ta magana a kanta, tun 1951 take da dokar ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gine-ginen gwamnati don aikin masu fasaha, da makarantu ta fara. Abu mai kyau ko a hannun wa ka gan shi ɗauka ake. Ku tuna gine-ginen da aka yi wa Yamai gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Da a ce akwai irin wannan doka, da gasa a fili, matasa nawa ne za su ci abinci, su kuma bar sunansu a jikin garin?

Na shida, waɗanda suka gama a tura wasunsu kwaleji da lise su koyar da zane da gaske, da takarda da fensir a hannun kowane yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma kada mu tura wa hukuma komai mu koma gindin butar shayi. Kai da ke da aboki mai zane, in ya yi maka tambarin shago ko katin aure, biya shi, ka daina ce masa ai minti biyar ne. Minti biyar ɗin shekara goma ya yi yana koyonsa. Ke da kike watsa hoton da ya burge ki, sa sunan mai shi. In an buɗe baje koli a gari, ku je, ku ja ƙannenku. Ɗalibai ƴan ƙungiya, in za ku kai koke kan bursi da abinci da motocin bas, ku sa maganar ɗakunan aiki a takardar. Baba da Inna, yaron da ke cika bayan kaye da zane wallahi ba lalacewa ya yi ba. A sa masa ido kan sauran darussa, a kuma saya masa fensir.

Ku kuma masu hannun, kada ku jira sai an gama gini. Zana kullum, ko a bayan kwalin sukari ne. Je wurin maƙeri ko mai tukwane ka durƙusa ka ce ka zo koyo. Adana aikinka, ka sa masa kwanan wata, don ranar da ƙofa ta buɗe shi za a fara tambayar ka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku ɗora mana ayyukanku a ƙarƙashin wannan rubutu, ku faɗi unguwa ko garin da kuke, da abin da ya fi ci muku tuwo a ƙwarya: rashin kayan aiki ne, rashin malami ne, ko rashin yardar gida. Za mu tattara su mu kai inda ya dace, don a ga yawanku da ido, tunda gani ya kori ji.

Allah ya taimaki Nijar da ƴaƴanta.